Me ya haɗa daminar Kano da ƙanƙarar ƙuryoyin duniya?

A tsakiyar zafin watan Afrilu firij ɗin gidanmu ya daina sanyi, na ɗora shi a a-daidaita-sahu na kai wa wani dattijo mai gyara a Sabon Gari. Kafin ya taɓa komai sai ya juya bayan firij ɗin, ya sa babban yatsa ya goge ƙurar da ta rufe 'yar takardar da ke manne kusa da kwamfireso, ya karanta lambar gas ɗin: R600a. Ya ce, "Alhaji, lokacin da na koyi sana'ar nan R12 muke ɗurawa. Aka wayi gari aka ce an hana shi, aka koma R134a. Yanzu kuma ga wannan." Na ce, "Baba, ko ka san abin da ya jawo aka hana na farkon?" Ya ce shi dai ya ga masu ƙerawa sun canza, su ma suka bi.

Amsar tana can ƙuryar kudu ta duniya, a nahiyar Antatika. Tun wajen 1957 Birtaniya take da tashar bincike mai suna Halley a can, inda ake auna iskar ozon, wato wani bargo na iska da ke can sama yana tace hasken rana mai ƙona fata da lalata ido da amfanin gona. A 1985 masana uku, Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin, suka fitar da sakamakon awon shekara da shekaru, suka nuna cewa bargon ya yi mummunar huda a saman Antatika. Abin da ke cin sa kuwa sinadarai ne irin su R12, waɗanda a lokacin ake ɗurawa a firij da na'urar sanyaya ɗaki da gwangwanin feshi. Shekara biyu kacal bayan haka, a 1987, aka ƙulla Yarjejeniyar Montiriyal ta daina amfani da su, kuma yau babu ƙasar da ba ta sa hannu ba. An ba ƙasashe masu tasowa irin Najeriya wa'adi zuwa 2010, aka kafa asusun tallafa musu. Hudar tana warkewa a hankali, ana sa ran ta toshe a saman Antatika wajen 2066. Ke nan awon da aka yi a kan ƙanƙara, nisan dubban kilomita daga nan, shi ya canza tukunyar gas a shagon dattijon nan na Sabon Gari.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana ke nan. Mu da muke sayen ƙanƙara a leda lokacin azumi muna ganin zancen ƙuryoyin duniya ba namu ba ne. Ni kuwa ina ganin namu ne, kuma ana yanke hukunci a kansa ba mu a wurin.

Sai a fara da bambance wuraren biyu, domin sau da yawa ana haɗa su a ƙwarya ɗaya. Antatika, a kudu, ƙasa ce da teku ya kewaye. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 14, kusan ninki 15 na Najeriya, kuma ƙanƙarar da ta lulluɓe ta kaurinta ya kai kimanin kilomita 2. Ba ta da 'yan asali, ba ta da sarki ko gwamna. A nan aka auna sanyi mafi tsanani a doron ƙasa, digiri 89.2 ƙasa da sifili, a tashar Bostok ta Sobiyet a watan Yulin 1983. Aktik kuwa, a arewa, teku ne daskararre da ƙasashe suka kewaye, kuma mutum wajen miliyan 4 ne ke zaune a yankin, da garuruwansu da harsunansu. A tsakiyar kowace ƙurya rana sau ɗaya take fitowa a shekara, sau ɗaya take faɗuwa. Ɗalibai a zaure sun san wuraren ta wannan fuskar, domin su ne ake kawowa misali idan ana tambayar yadda za a ƙaddara lokacin salla da azumi inda yini ke ɗaukar watanni.

Wurin da ba shi da mai shi, kowa zai so ya ce nasa ne. Kafin tsakiyar ƙarnin da ya wuce ƙasashe bakwai sun riga sun yanka Antatika a taswira kamar ana yanka kankana: Ajantina, Ostareliya, Chile, Faransa, Niyu Zilan, Noway da Birtaniya. Rabon Ajantina da Chile da Birtaniya ya hau kan juna, har a 1952 sojojin Ajantina suka yi harbi ta saman kan wasu 'yan Birtaniya da suka je sauke kaya a wani gaɓar teku da ake kira Hope Bay. Amurka da Tarayyar Sobiyet ba su yarda da rabon kowa ba, kuma kowacce ta ce tana da damar neman nata. Ga shi lokacin yaƙin cacar baka ne, kowa na neman inda zai gwada makamin nukiliya.

Masu bincike ne suka fara buɗe ƙofar sulhu. A 1957 zuwa 1958 aka yi wata gagarumar shekarar nazarin duniya wadda ƙasashe 67 suka shiga, 12 daga ciki suka kafa tashoshi a Antatika, suna musayar sakamako da ma'aikata. Da aikin ya ƙare sai aka ga asara ce a koma gidan jiya. Ranar 1 ga Disamba 1959 ƙasashen nan 12 suka sa hannu kan Yarjejeniyar Antatika a Washinton, ta fara aiki a 1961. Ta shafi duk abin da ke kudu da layin digiri 60. Ta hana kafa sansanin soja da atisaye da gwajin makamai, ta hana fasa nukiliya da zubar da shararsa, ta wajabta a bayyana sakamakon bincike ga kowa.

Hikimar yarjejeniyar tana cikin sashe na huɗu, kuma duk wanda ya taɓa zaman rabon gado a cikin birni zai gane ta. Gida ne babba na kaka, magada sun yi yawa, kowa da ɗakin da yake cewa na ubansa ne. In aka ce sai an raba yau, zumunci ya watse, gidan ma ya tafi hannun ɗan kasuwa. Sai dattawa su ce a jingine maganar: wanda ke iƙirari ba a ce ya janye ba, wanda bai yarda ba ba a tilasta masa ya yarda ba, amma daga yau ba mai sabon iƙirari, ba mai ƙara tsawon katangarsa, kuma zaman da mutum ya yi a ɗaki ba zai zama masa hujja gobe ba. Haka aka yi da Antatika. Ba a warware rikicin ba, an dai daskarar da shi, kuma ya shekara fiye da 60 a daskare. Akwai masu gwada sa'a, kamar Ajantina da ta kai mace mai ciki tasharta ta Esperanza ta haihu a can a 1978 don a ce an haifi ɗan ƙasarta a nahiyar, amma sashe na huɗu ya riga ya ce irin wannan ba ya ƙara wa kowa haƙƙi.

Akwai kuma wani sharaɗi da nake ganin ya fi kowane ƙarfi. Kowace ƙasa mai ƙuri'a a taron yarjejeniyar tana iya tura masu duba gari su shiga tashar kowace ƙasa, kowane lokaci, su leƙa ɗakuna da kayan aiki da jiragen da ke sauke kaya. Amurkawa sun shiga tashoshin Sobiyet sun duba a shekarun da ƙasashen biyu ke auna juna da makamai masu linzami. Amana ba ta ginuwa da rantsuwa kaɗai, sai an bar ƙofa a buɗe.

Yarjejeniyar farko ba ta ce komai kan ma'adinai ba, kuma nan aka kusa yin ɓari. A 1988 aka kammala wata yarjejeniya a Welintan wadda za ta tsara yadda za a haƙi ma'adinai a nahiyar. Shekara guda bayan haka Ostareliya a ƙarƙashin Bob Hawke da Faransa a ƙarƙashin firaminista Michel Rocard suka ce ba za su sa hannu ba, maganar ta mutu. A madadinta aka ƙulla Yarjejeniyar Madrid a 1991, ta fara aiki a 1998, ta hana duk wani haƙar ma'adinai in ba don bincike ba. Ana yawan yaɗa cewa haramcin zai ƙare a 2048. Ba haka ba ne. Abin da ke rubuce shi ne, bayan shekara 50 da fara aikinta kowace ƙasa mai ƙuri'a tana iya neman a zauna a sake dubawa, kuma sharuɗɗan cire haramcin masu tsauri ne ƙwarai. Amma dai 2048 ba nisa gare ta ba. Yaron da aka raɗa wa suna bana a Ƙofar Mata bai kai ga yin aure ba za a kai can.

To me ake nema a cikin wannan sanyi haka? Mafi girman abin da aka samo shi ne tarihin iskar duniya. Dusar ƙanƙara tana zuba shekara bisa shekara, ba ta narkewa, kowace shekara tana danne ta baya, kuma tana kulle 'yan ƙananan kumfar iska a cikinta. Idan aka haƙa rami mai zurfi aka zaro ƙanƙarar kamar doguwar tabarya, ana iya karanta ta daga sama zuwa ƙasa kamar shafukan littafi. Haƙar da aka yi a Bostok, wadda Rasha da Faransa da Amurka suka haɗa hannu a kai, ta kai shekara dubu 420 baya. Ta ƙasashen Turai a kusa da tashar Konkodiya ta kai shekara dubu 800. A duk tsawon wannan zamani iskar kabon, wadda ke riƙe zafi tana ɗumama duniya, ba ta taɓa wuce kusan kashi 300 cikin miliyan ba. Yau ta haura 420. Babu ƙasa ɗaya da za ta iya wannan aiki ita kaɗai: jirgin wannan ne ke kai man fetur, injin haƙar wancan ne, ɗakin awon na wata ƙasar ne dabam.

Yanzu mu dawo gida. Idan ƙanƙarar Antatika ta narke gaba ɗaya teku zai tashi da kimanin mita 58, ta Girinlan kuma, wato babban tsibirin da ke yankin Aktik, da kimanin mita 7. Ba wanda ke cewa hakan zai faru a zamaninmu, amma ko rabin mita ya isa ya jiƙa wa Legas da yankin Neja Delta aiki, kuma duk Bakanon da ke da shago a can ko kaya a tashar Apapa ya san abin da hakan ke nufi. Sai dai ni ba tekun ne ya fi tsaya mini a rai ba. Damina ce.

Ruwan da muke shuka da shi iska ce ke ɗauko shi daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Akwai wani ɗamarar gajimare da ke kewaye da tsakiyar duniya, tana hawowa arewa daga bazara, ta iso mana wajen Mayu ko Yuni, ta yi ƙarfi a Agusta, ta koma kudu a ƙarshen Satumba, sannan iskar hunturu ta karɓi fili. Wannan ɗamara tana karkata ne zuwa ɓangaren duniya da ya fi ɗumi. A cikin Atlantika kuma akwai wata babbar igiyar ruwa da ke kwasar ɗumi daga kudu ta kai arewa. Can kusa da Girinlan ruwan yakan yi sanyi, gishirinsa ya sa ya yi nauyi, ya nitse ƙasa, ya koma kudu ta ƙarƙashi. Nitsewar nan ita ce ke jan igiyar, kamar guga mai nauyi da ke jan igiyar rijiya. Idan ƙanƙarar Girinlan ta narke da yawa, ruwan daɗi ya tsinka gishirin, nitsewar ta ragu, igiyar ta yi sanyin jiki, arewacin Atlantika ya huce. Daga nan ɗamarar gajimaren ba za ta hawo arewa sosai ba. Kano tana kan digiri 12 ne, kusa da bakin inda ruwan ke tsayawa. In ya ja baya kaɗan, mu da Katsina da Damagaram ne za mu fara ji a jika.

Wannan ba hasashe ne kawai ba. Laka da aka haƙo daga ƙasan teku a gaɓar Senegal ta nuna cewa a zamunnan da igiyar ta yi rauni, dubban shekaru da suka wuce, yankin Sahel ya sha fari mai tsawon gaske. Farin 1973 da na 1984, wanda iyayenmu ba sa son tunawa, masana sun danganta wani ɓangare nasa da yadda arewacin Atlantika ya yi sanyi idan aka kwatanta da kudancinsa. Masu nazarin yanayi sun yi ittifaƙi cewa igiyar za ta ragu a wannan ƙarni, saɓaninsu a kan yawan raguwar ne da saurinta. Wanda zai raba wannan gardama shi ne mai auna ƙanƙarar Girinlan da gishirin tekun arewa. Farashin buhun gero a Dawanau nan da shekara 30 yana da alaƙa da abin da na'urarsa ke nunawa.

A nan ne damuwata take, domin haɗin kan ƙasashe a ƙuryar arewa ya fi na ƙuryar kudu rauni nesa ba kusa ba. Aktik ba ta da yarjejeniya irin ta Antatika, tunda ƙasashe ne masu iyaka da sojoji suka kewaye ta. Abin da ake da shi shi ne Majalisar Aktik da aka kafa a Ottawa a 1996, mai ƙasashe takwas: Kanada, Denmak, Finlan, Aislan, Noway, Rasha, Suwidin da Amurka, tare da ƙungiyoyi shida na 'yan asalin yankin da ke da kujerar dindindin. Ba ta taɓa maganar soja, muhalli da bincike da ceton rai a teku ne aikinta. An ma samu wani abin yabo, ko da yake ba ta hannun majalisar ba, a 2018, lokacin da ƙasashen bakin tekun da Sin da Japan da Koriya ta Kudu da Tarayyar Turai suka amince ba za a fara kamun kifi na kasuwanci a tsakiyar tekun Aktik ba har tsawon shekara 16, sai an san abin da ke cikinsa. Amma a watan Maris na 2022, bayan Rasha ta shiga Yukren, sauran ƙasashe bakwai suka dakatar da zama da ita. An ɗan farfaɗo da aikin ƙananan kwamitoci daga baya, sai dai musayar awo tsakanin masanan Rasha da na Yamma ta samu babban tsaiko. Rasha kuwa ita ke da kusan rabin gaɓar Aktik, kuma a Saiberiya ne mafi yawan daskararriyar ƙasar nan take, wadda in ta narke take sakin kabon da ta daɗe tana riƙe da shi. Yankin yana ɗumama kusan ninki huɗu fiye da sauran duniya, an kuma rufe wa masu awo ido ɗaya. Ga kuma hanyoyin jiragen ruwa da ke buɗewa, ga mai da gas a ƙarƙashin teku, ga Donald Trump yana ta nanata cewa Amurka na son Girinlan.

Kudun ma ba lafiya lau take ba. Hukumar da ke kula da halittun tekun Antatika, wadda aka kafa da yarjejeniyar 1980 mai hedikwata a Hobart, sai kowa ya yarda take yanke hukunci. A 2016 ta yi nasarar keɓe murabba'in kilomita miliyan 1.55 a Tekun Ross. Tun daga nan Rasha da Sin suke hana a keɓe sabbin wurare, alhali jiragen kamun kiril, wato 'yan mitsi-mitsin jatan landen da kifayen whale da tsuntsayen fengwin ke rayuwa a kansu, sai ƙaruwa suke yi. Masu yawon buɗe ido kuma sun haura dubu 100 a shekara. Mu Kanawa mun san ƙarshen abin da yake na kowa idan masu tsaronsa suka yi sakaci. Kududdufan cikin birni da ke shanye ruwan sama haka aka yi ta cike su kaɗan-kaɗan, yau shara, gobe katanga, jibi shago, sai ga ruwa a tsakar gida duk Agusta.

Akwai ajiyarmu a can arewa da mutane da yawa ba su sani ba. A tsibirin Sibalbad na ƙasar Noway an haƙa wani rumbu a cikin dutse, aka buɗe shi a 2008, inda ake adana irin shuka na duniya a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Cikin akwatunan farko da suka isa akwai na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wadda take da reshe a nan Kano kuma take riƙe da tarin irin wake mafi girma a duniya. Wake da gujiya da masara na ƙasashen Afirka suna kwance a can. Wanda ya ajiye shi ke da kayansa, shi kaɗai ke iya karɓa. An kuma gwada hakan: a 2015, da yaƙin Siriya ya raba wata cibiyar noma da rumbunta na Aleppo, daga Sibalbad ta karɓo irinta ta sake shukawa a Labanan da Maroko. Na gaya wa kawuna wannan labari a gonarsa ta hanyar Minjibir, yana zaune yana tsince waken iri a faifai yana zubawa a tulu da toka. Ya ce, "Ashe su ma sun san ba a cinye iri."

Saura maganar kujera. Ƙasashe sama da 50 ne ke cikin Yarjejeniyar Antatika yanzu, amma 29 ne kawai ke da ƙuri'a, kuma ƙuri'ar ba da yawan jama'a ake samunta ba, sai ƙasa ta nuna tana gudanar da bincike na gaske a nahiyar. A duk Afirka, Afirka ta Kudu ce kaɗai a ciki. An taɓa yin ƙorafi kan wannan. A 1982 Mahathir Mohamad na Malesiya ya kai maganar Majalisar Ɗinkin Duniya, yana cewa nahiyar ta dukkan bil'adama ce, ba ta 'yan tsirarun masu hali ba, kuma ƙasashen Afirka sun mara masa baya, musamman da yake gwamnatin wariyar launin fata ce ke zaune a kujerar Afirka ta Kudu a lokacin. Ƙorafin yana da gaskiya, amma daga waje ba a canza komai ba. Indiya da Barazil sun zaɓi su shiga, suka samu ƙuri'a a 1983, Sin ta samu a 1985. Ita kanta Malesiya ta sa hannu a 2011.

Ra'ayina shi ne Najeriya ta bi wannan hanya. Shiga yarjejeniyar a buɗe yake ga duk ƙasar da ke cikin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ba sai an sayi jirgin fasa ƙanƙara ba. Holan ta samu ƙuri'arta a 1990 ba tare da ta gina tashar kanta ba, da tashoshin wasu ta yi aiki. Jirgin binciken Afirka ta Kudu, S.A. Agulhas II, daga Kef Tawun yake tashi duk shekara. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin noma a busassun yankuna, kuma tambayar da ta fi dacewa da ɗalibanta, wato yadda narkewar Girinlan za ta taɓa daminar Sahel, tambaya ce da masanan Turai ba za su riƙe ta da zafin da mu za mu riƙe ta ba. An riga an tsayar da 2032 zuwa 2033 a matsayin shekarar binciken ƙuryoyin duniya karo na biyar, kuma tun yanzu ake tsara ayyukan da za a yi da waɗanda za su yi su. Ɗalibar da ke aji ɗaya a sashen nazarin ƙasa bana, in aka tura ta karatu a kan lokaci, za ta iya kasancewa a cikin jirgin.